Sabon Doki, Tsohon Sirdi: Yadda Ake Ɗora wa Peugeot 504 Injin Turbo a Gida

A 'yan shekarun nan babu aikin da ake jawo mini shi da igiya zuwa gareji kamar wannan. Saurayi ya gaji Fijo 504 daga mahaifinsa, ya ga bidiyon yadda ake ɗora wa tsofaffin motoci injin zamani mai turbo, ya kwashe adashinsa ya sayo inji, ya yanke abin da zai yanke, sannan aiki ya tsaya cak. Ta ƙarshe da aka kawo mini ta yi wata bakwai a gindin darbejiya, ƙura ta rufe ta. Injin lafiyarsa ƙalau. Makullin motar da aka ciro shi daga cikinta ne ba a karɓo ba, kuma ba tare da shi ba kwamfutar injin ba za ta bar shi ya zauna ba.

Kurakuran iri ɗaya ne kullum, tushensu kuma ɗaya: ana ɗaukar inji shi ne aikin. Alhali sauke inji a cikin mota aikin yini guda ne. Abin da ke cin watanni shi ne shirya motar ta iya ɗaukar sabon ƙarfin, ta ciyar da shi, ta sanyaya shi, ta kuma tsayar da shi. Wanda zai hau ingarma, linzami yake fara nema.

Na zaɓi 504 don ita ce tsohuwar motarmu. Ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN ya fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975, aka yi kimanin shekara talatin ana yin ta a can, kuma har gobe kayan gyaranta ba su yanke ba. Injin da zan yi misali da shi shi ne 1.8T na Volkswagen Passat B5 da Audi A4 B5. Yana da bawul 20, yana ba da ƙarfin doki 150, ga shi a miƙe yake zama cikin motarsa, gaba zuwa baya, kamar na Fijo. Turbonsa kuma a dama yake, nesa da sandar sitiyari da mastan birki. In motarka ko injinka daban ne, matakan ba su sauya ba, awo ne kawai zai bambanta.

Kayan da za ka tanada

- Fili mai daɓen siminti, da inuwa, da iska mai ratsawa, inda mota za ta yi watanni ba ta tare wa kowa hanya ba.
- Abin ɗaga inji mai sarƙa, wanda muke kira cenbulok, rataye a ƙarfen da zai ɗauki fiye da rabin tan.
- Jak, da ƙafafun ƙarfe huɗu na tokare mota. Bulo ba ya cikin lissafi, domin yana fashewa ba tare da gargaɗi ba.
- Cikakken saitin sufana da soket, har da masu bakin tauraro, saboda su Volkswagen ke amfani da su a wurare da yawa.
- Sufanar auna ɗauri, da mitar gwada wuta, da ma'aunin matsin silinda, da ma'aunin matsin baƙin mai.
- Na'urar karanta kwamfutar mota wadda ta san yaren Volkswagen, da zanen wayarin na ainihin injin da ka saya.
- Tukunyar kashe gobara mai hoda, a rataye inda hannu zai kai.
- Littafin rubutu, da salatif na manna suna, da ledoji na ajiye notuna.

Ka kuma nemi mutum uku tun kafin ka kwance noti ɗaya: gwanin walda, da mai injin sassaƙa ƙarfe wanda ya iya awo, da mai riwaya da ke karanta zanen waya. A ce a gida ake aikin ba ya nufin kai kaɗai za ka yi komai. Batun kuɗi kuwa, abin da na gani shi ne kayan da ke kewaye da injin sukan ci fiye da kuɗin injin kansa. In kuɗin inji kaɗai gare ka, ka dakata tukuna.

Mataki na 1: Bincika gangar jikin motar

Ɗaga motar a kan ƙafafun ƙarfe, ka wanke ƙarƙashinta tas, ka bi ta da fitila da ƙaramar guduma. Duba inda shokazoban gaba ke zama a sama, da dogayen ƙarafan da ke ɗauke da inji, da ƙasan ƙofofi, da daɓen motar, da inda ƙafafun baya suka kama jiki. A ƙasarmu ta fari tsatsa ba ta cika yin ɓarna kamar a bakin teku ba, amma muna da namu ciwon. Yawancin waɗannan motoci sun yi haya, sun sha lodin da ya fi ƙarfinsu a kan munanan hanyoyi, ƙarfen ya gaji ya tsattsage. Sau da yawa fanbita ya shafe tsagar da fila ya bi da fenti. Inda guduma ta yi ƙara a dishe, kankare ka gani.

Dalilin fara aiki daga nan shi ne, tsohon injin lita biyu mai kafireto na 504 bai kai doki 100 ba, ƙarfin murɗawarsa kimanin Nm 160 ne. Sabon yana ba da Nm 210 tun injin bai yi nisa da tashi ba. Wannan murɗa a jikin motar take sauka duk lokacin da ka taka totur. Tsagar da ta yi shekara goma tana barci, a mako guda za ta farka. In gyaran jikin ya fi ƙarfin aljihunka, nan ne wurin tsayawa, tun ba ka sayi komai ba.

Mataki na 2: Sayen inji da dukkan danginsa

Nan ne aka fi asarar kuɗi. Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano kake, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Legas, mai kaya zai nuna maka inji tsirara ya ce sauran ƙananan abubuwa ne. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne rabin injin. Mafi alheri ka sayi motar da ta yi haɗari ta baya gaba ɗaya, ko rabin mota na gaba ɗan Beljiyam, yadda za ka ji injin yana aiki kafin a taɓa shi.

Abin da dole ya biyo injin: kwamfutarsa, wato birenbos, wayarinsa cikakke ba a datse ba, ma'aunin iska da gidan matatar iska, sansar hayaƙi, altaneta da kik, filawil, lagireton iska da tiyoyinsa, tankin ruwa na roba, makulli, da zoben da ke karanta shi, da akwati ko agogon dashbod da aka haɗa su da shi. A yawancin waɗannan motoci akwai tsarin hana sata, inda kwamfutar ke tambayar makulli lambar sirri. In ba ta samu ba, injin zai tashi ya mutu cikin daƙiƙa biyu. Ko dai ka kawo su tare daga mota ɗaya, ko ka sa wanda ya iya ya cire tsarin daga kwamfutar.

Karanta haruffa uku na farkon lambar injin. AEB shi ne na farko-farko, totur ɗinsa da igiyar waya yake aiki kamar na Fijo, don haka ya fi sauƙin haɗawa. AWT ya zo daga baya, totur ɗinsa na lantarki ne, sai ka ɗauko fedarsa ma. Ga mai farawa, AEB nake ba da shawara.

Kafin ka biya, yi gwaji uku. Auna matsin kowace silinda: ina son ganin sun haura bar 10 kuma suna kusa da juna. Buɗe murfin zuba baƙin mai ka haska ciki: in ka ga baƙar laka kamar kwalta, bar shi, domin wannan injin an san shi da wannan cuta in an yi masa sakaci da canjin mai. Cire tiyon bakin turbo ka taɓa farfelarsa: ɗan motsi gefe da gefe ba laifi, amma in tana gaba da baya ko tana gogar jikin gidanta, turbon ya gama. Araha ba ta ado. Karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin.

Mataki na 3: Birki da ƙafa, kafin inji ya shiga

Na sa wannan a gaba da gangan. Na san halin ɗan Adam: ranar da injin ya tashi, babu wanda zai iya hana ka fita titi. To gara ranar ta same ka da birki.

Sabunta masta, da dukkan tiyoyin roba na birki, da faifai da takalman birki, ka wanke bututun ka zuba sabon man birki DOT 4. Tsohon mai yana shan danshi, ya tafasa a kan gangara, feda ta nutse har ƙasa. Wasu 504 faifai gare su a ƙafa huɗu, wasu kuma ganga ce a baya, musamman wagon da a-kori-kura. Ka san wadda kake da ita, ka tabbatar komai nata sabo ne. Sauya shokazoba, da robobin ƙafa, da kawunan sandar sitiyari. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tsohuwar taya ko da zanenta bai cinye ba, robar ta bushe.

Ga lissafin da ya kamata ya zauna maka a kai. Nauyin da birki ke fama da shi ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi. Motar da ke gudun kilomita 140 tana buƙatar kusan ninki biyu na aikin birkin da take buƙata a 100. Sabon injin kuwa zai kai ka 140 ba ka ankara ba.

Mataki na 4: Yi wa injin hidima tun yana ƙasa

Duk abin da yake minti goma a ƙasa, awa uku ne bayan inji ya shiga. Sauya taimin bel da abin ɗaure shi da famfon ruwa da tamostat. A wannan injin, in bel ya tsinke fistin zai doki bawul, ka tashi da aikin buɗe kan inji. Kada ka yarda da bel don ya yi kyau a ido, ba ka san shekarunsa ba.

Kwance kwanon baƙin mai na ƙasa, ka wanke rariyar da famfo ke zuƙo mai ta cikinta. Wannan injin kimanin lita 4 kawai yake ɗauka, turbo kuma yana gasa man, shi ya sa laka ke toshe rariyar har inji ya buga. Sauya siririn bututun da ke kai wa turbo mai, ko ka wanke shi har sai ka tabbatar ya buɗe sarai. Farfelar turbo tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti, a kan ɗan siririn mai take shawagi. Yankewar daƙiƙu kaɗan ta isa.

Sauya robar toshe mai ta bayan inji, da mahaɗar ruwa ta roba da ke bayan kan injin, wadda ke yawan tsagewa. Da zarar inji ya matsu da bangon mota, hannu ba zai ƙara kaiwa can ba. Sansar jin bugun inji guda biyu da ke jikinsa, ɗaure su da sufanar awo a kan Nm 20. In ɗaurin ya yi yawa ko ya gaza, ba za su ji daidai ba.

Mataki na 5: Haɗa inji da giya, da yi masa mazauni

Cire batir, ƙafar baƙar waya da farko. Ɗauki hoton komai, manna wa kowace waya suna, sannan ka fitar da tsohon injin. Kada ka sayar da shi. Toshe ƙofofinsa, ka ajiye shi a busasshen wuri da kafiretonsa.

Giyar Passat ba za ta yi maka amfani ba, domin tayoyin gaba take ja, 504 kuwa da na baya take tafiya. Ga kuma wani abu da ya keɓanta da wannan mota: giyarta a haɗe take da aksul na baya ta wani ƙaƙƙarfan bututun ƙarfe, farfela tana juyawa a cikinsa. Saboda haka giyar ba ta matsawa yadda kake so. Hanya mafi sauƙi ita ce ka bar giya da bututun a inda kamfani ya ajiye su, ka tokare giyar daidai tsayinta na asali, ka gina komai daga nan zuwa gaba. Giya ce za ta faɗa wa inji inda zai zauna.

Tsakaninsu za a sassaƙa farantin haɗi. Wannan shi ne aikin da bai yarda da "ai ya yi daidai" ba. Tsakiyar sandar inji da tsakiyar sandar giya dole su haɗu, saɓanin kada ya wuce kimanin milimita 0.1, kuma turakun saiti ne ke riƙe wannan daidaito, notuna matsewa kawai suke yi. In aka kuskure, mota za ta yi tafiya, amma kuloci zai riƙa karkarwa, giya ta riƙa fita da kanta, boris ya ci kansa cikin 'yan watanni. Farantin ya zama yana da wurin ɗaura kik yadda haƙoransa za su kama filawil. Faifan kuloci kuma haƙoran tsakiyarsa su dace da sandar giyar Fijo, faɗinsa ya dace da filawil na Volkswagen. Tabbatar kan sandar giya ya sami ƙaramin boris da zai zauna a ciki a bayan sandar inji. Notunan filawil sau ɗaya ake ɗaura su, sayi sababbi. Wani sauƙi da wannan injin ke da shi: sansar da ke ƙirga juyawarsa daga cikin injin take karatu, don haka sauya giya bai shafe ta ba.

Giyar 504, wadda ake kira BA7, an yi ta ne don ƙaramin ƙarfi. Za ta zauna lafiya da doki 150 in ana tuƙi da hankali, amma kada ka ƙara wa turbo matsi a kanta. Mai son ƙari ya nemi BA10 ta 505 mai turbo ko mai silinda shida, ya kuma shirya wa sabon awo.

Yanzu rataya injin a wurinsa ka duba ko'ina: kwanon mai da gadar ƙarfen da ke ƙarƙashi, rak ɗin sitiyari, bango, bonet. Bar tazarar aƙalla santimita 2 a kowane gefe, domin inji yana motsi. In kwanon mai ya tokari gadar, kwanon ake gyarawa. Kada ka taɓa yanke gadar ko ka matsar da rak ɗin sitiyari, su ne ke riƙe da ƙafafun motar. Yi samfurin mazaunin inji da kwali, a yanka shi a ƙarfe mai kauri, a ɗiga walda kaɗan, a gwada, sannan a cike. Roba ta shiga tsakanin inji da jiki. Wanda ya ɗaure ƙarfe da ƙarfe, girgiza za ta tsaga masa mota. Kuma kada hannu ko kai ya shiga ƙarƙashin injin da ke rataye a sarƙa.

Mataki na 6: Hanyar fetur

Wannan mataki shi ne ke ƙona motoci. Kafireto da ɗan matsin da bai kai rabin bar ba yake aiki. Nozul na sabon injin suna buƙatar bar 3 zuwa 4, kusan ninki goma. Tsohon tiyo da tsohon kilif ba za su riƙe wannan ba, kuma fetur da ke fita da irin wannan matsi feshi yake yi kamar turare, ga turbo a gefe ya yi ja.

Sa famfon lantarki na injin nozul, da matatarsa ta ƙarfe, da sabon bututu daga tanki zuwa inji, da wani na biyu mai mayar da ragowar mai tanki. Duk tiyon roba ya kasance an rubuta a jikinsa cewa na matsin nozul ne. Bi da su ta gefen da babu salansa, ka ɗaure su a jiki kowane taku, ka sa roba duk inda suka ratsa ƙarfe.

Tankin 504 ba a yi shi don irin wannan famfo ba. In mai ya yi ƙasa ka sha kwana, sai ya gudu gefe, famfo ya zuƙi iska. Kafireto yana da ɗan kofinsa na ajiya, bai damu ba. Injin turbo kuwa in mai ya gaza masa yana tsakar aiki, zafi ya hau, fistin ya narke. Maganin shi ne ƙaramin tanki na lita ɗaya ko biyu, wanda ƙaramin famfo ke cikawa kullum, babban famfo ya riƙa sha daga gindinsa. Ajiye shi a wajen ɗakin fasinja.

Wutar famfo ta bi ta rile wanda kwamfuta ke sarrafawa. Masu haɗa shi kai tsaye da makulli suna sayen bala'i: in aka yi haɗari inji ya mutu, famfo zai ci gaba da tuttulo fetur. Kuma kada a yi walda a jikin tanki ko kusa da shi. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, saboda tururin ne ke fashewa.

Mataki na 7: Ruwa, iska da hayaƙi

An ƙera wannan injin ne a ƙasar sanyi, kai kuma za ka shiga da shi cunkoson Kano ko Sakkwato a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40. Sa sabon lagireto mafi girma da wurin zai ɗauka, da fankar lantarki mai ƙarfi wadda ke tashi da kanta in zafi ya kai. Tankin ruwa na roba ya zama shi ne mafi tsayi a duk hanyar ruwan, don iska ta sami mafita. In ba za ka haɗa hita ba, haɗa tiyoyinta biyu da juna.

Ina roƙonka kada ka bari a cire tamostat. Al'ada ce da ta zama ruwan dare a garejinmu, kuma kuskure ce. Kwamfuta tana kallon zafin ruwa, in ta ga bai kai ba sai ta ɗauka injin bai ɗumama ba, ta yi ta ƙara mai. Fetur ya wanke silinda, ya gangara cikin baƙin mai. Tamostat ɗin a digiri 87 yake buɗewa, a nan injin ke jin daɗi. Zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya. Ruwan rijiya zalla yana cin alminiyon kan inji, ya toshe lagireto da gishiri.

Turbo in ya matse iska sai ta yi zafi, iska mai zafi kuma tana sa fetur ya fashe kafin lokacinsa, ka ji inji yana ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙarar ita ce ke fasa fistin. Shi ya sa lagireton iska zai zauna a gaba inda iskar hanya ke dukansa. Kowane bututunsa a yi masa leɓe a baki don kada tiyo ya fice. Matatar iska ta zauna cikin gidanta, tana shan iska daga waje. Buɗaɗɗiyar matatar nan mai kama da hula da samari ke so, zafin inji take sha, ƙurar hunturu kuma ta ratsa ta ta kashe ma'aunin iska ta cinye farfelar turbo. Bawul ɗin da ke sakin matsi in ka ɗaga ƙafa, bar shi ya mayar da iskar ciki kamar yadda aka yi shi. In ka sake ta waje don jin ƙara, kwamfuta ta riga ta ƙirga ta, za ta zuba man iskar da babu ita.

Abu biyu da ake mantawa. Na ɗaya, bututun da ke mayar da mai daga turbo zuwa kwano dole ya gangara ƙasa ba lanƙwasa, domin nauyinsa ne kawai ke tafiyar da shi. Na biyu, baƙar tukunyar da ke bayan mastan birki da zuƙar inji take aiki, injin turbo kuwa in ya ɗauki wuta hurawa yake yi. Sa bawul mai barin iska ta bi hanya ɗaya a tiyonta, ka gwada shi da baki kafin ka ɗaura. In babu shi, birki zai ƙage a lokacin da ka fi buƙatarsa.

Hayaƙin turbo yana iya kaiwa digiri 900. Sa garkuwar ƙarfe tsakaninsa da duk waya, tiyo da bututun birki. Salansa ta sami gaɓa mai lanƙwasuwa kusa da inji, da mazaunin sansar hayaƙi.

Mataki na 8: Wayarin

Ka'idar ita ce gida biyu, ƙofa kaɗan. Bar wayarin Fijo ya ci gaba da kula da fitilu da ham da waifa. Wayarin sabon inji ya tsaya da kansa, da sabon akwatin fiyus da rile. Inda za su gaisa kaɗan ne: wutar batir ta dindindin, wutar makulli, wayar kik, fitilar caji, fitilar baƙin mai, da agogon zafi.

Kuskuren da na fi gani shi ne ɗaukar wutar kwamfuta daga wayar da ke ɗaukewa lokacin da ake murɗa kik. Inji zai yi ta juyawa ba ya tashi. Gwada da mita: wutar ta kasance tana nan a lokacin murɗawa. Na biyu shi ne raunin as, wato hanyar da wuta ke komawa batir ta jikin mota. Sa kakkaurar waya daga batir zuwa jiki, wata daga jiki zuwa inji, a kan ƙarfen da aka kankare fentinsa. In babu ita, wutar kik za ta nemi hanya ta siraran wayoyin sansa ta ƙone kwamfuta.

Ajiye kwamfutar cikin mota, nesa da zafi da ruwa. Kada a murɗa waya da hannu a naɗe da salatif, a matse ta da maƙalli ko a yi mata dalma a rufe. Kowace wayar wuta ta sami fiyus kusa da tushenta. Haɗa soket ɗin na'urar bincike ka ajiye shi inda za a kai gare shi, domin ta nan ne kawai injin zai faɗa maka abin da ke damunsa. Ƙara agogon matsin mai da na matsin turbo a dashbod. In za a sake wata walda a jikin motar, a cire kwamfuta da batir tukuna.

Mataki na 9: Tashin farko da gwaji

Fitar da motar fili, domin hayaƙi a rufaffen ɗaki yana kisa ba tare da wari ba. Zuba baƙin mai na sintetik 5W-40. Cire fiyus ɗin famfon fetur da soket ɗin kwayil, ka murɗa kik kaɗan-kaɗan har ma'auni ya nuna matsin mai ya hau. Haka turbo zai sami mai kafin ya fara gudu. Mayar da fiyus, sa famfo ya yi aiki inji a kashe, ka bi kowace mahaɗa da busasshen tsumma. Ɗigo ɗaya ya isa a dakata.

Sa mutum ya tsaya da tukunyar kashe gobara, sannan ka tayar. Kada ka taka totur. Idonka a kan matsin mai: in bai hau cikin daƙiƙu kaɗan ba, kashe. Bar shi ya ɗumama har fanka ta tashi ta tsaya da kanta, ka fitar da iskar da ke cikin ruwa, ka karanta kwamfuta ka gyara duk abin da ta nuna.

Fitar farko a unguwa, a hankali, birki kake gwadawa. Ta biyu a hanyar da babu jama'a, kana ƙara totur kaɗan-kaɗan. Matsin turbo na wannan injin kimanin rabin bar ne. In allura ta wuce haka sosai, ko ka ji ƙas-ƙas, ɗaga ƙafa nan take. Bayan kilomita 100 sake bin duk notunan mazauni da na farantin haɗi. Bayan 500 sauya mai da matata, daga nan kuma kowace 5,000. Sayi fetur a gidan man da ka amince da shi, wannan injin ba ya jure gauraye. In ka dawo daga doguwar tafiya, bar shi ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki kafin ka kashe, don kada mai ya ƙone a cikin turbo.

Mataki na 10: Takardu

Lambar inji tana cikin takardun motarka, yanzu kuma ta sauya. Ɗauki rasit ɗinka ka je ofishin lasisin mota da na jami'an duba lafiyar motoci na jiharka a gyara bayanan, ka kuma sanar da kamfanin inshorarka. Wanda ya bar wannan, ranar da aka tare shi a shinge ko aka yi haɗari zai rasa bakin magana.

Saurayin nan mai motar gindin darbejiya, wata huɗu muka ƙara muna aiki tare. Makullin kwana biyu ya ɗauke mu. Sauran lokacin duk a kan birki, bututun fetur da wata tsaga da muka gano a mazaunin shokazoba ya tafi. Ranar da muka gama, mahaifiyarsa ya fara ɗauka, ya kai ta gidan ƙanwarta a hankali, kamar yadda mahaifinsa ya saba yi a wannan motar. Tsohon injin yana nan a zaurensu, an lulluɓe shi da buhu, ko wata rana ɗansa zai so ya ji muryar motar kakansa ta asali.